Dutsen Alwalar Yakuba Majemi

Duk wanda ya taɓa sayen fata a majemar Gobirawa, can bakin kogi ƙasa da unguwar masana'antu ta Yamai, ya san Yakuba. Ni baduku ne, takalma da jakunkuna nake ɗinkawa, kuma tun ina saurayi a hannunsa nake sayen jar fata. Dogo ne siriri, da zanen Gobirawa daga gefen baki har kunne, hannuwansa kuwa bagaruwa ta rine su har ba a gane inda farce ya tsaya. Ba shi da yawan dariya. In ka kuskura ka toshe hanci a gabansa, to ka sayi fatarka ta ƙarshe a wurinsa ke nan. A nan kam ina bayansa. Mutanen garin nan suna son takalmin fata ranar Juma'a, amma su wuce majemi suna yatsine fuska, sai ka ce takalmin daga sama ya faɗo musu.

Daga wani ƙauye kusa da Tibiri ya zo, shekarar yunwar tamanin da huɗu, da wuƙar jima ta mahaifinsa naɗe cikin tsumma. A garinsu gulbi baƙo ne, ya zo da damina, ya tafi kafin a gama sussuka, ya bar wa mutane rairayi. Ya sha ba ni labarin ranar da ya fara ganin kogin Yamai. Lokacin sanyi ne, ruwan sama ya daɗe da ɗaukewa, amma ga ruwa shimfiɗe yana tafiya abinsa, babu mai ja da guga, babu mai tsaronsa. Ya sauka ya zauna kan wani baƙin dutse mai faɗi a bakin ruwan, ya yi alwala, ya hau tudu ya yi sallah, ya yi kuka. Tun daga ranar dutsen ya zama nasa. Azahar da la'asar, wani lokaci har magariba, a nan yake alwala, kuma duk majemar babu mai zama a kai ko da wasa.

Karatunsa bai yi nisa ba. Amma akwai abu ɗaya da malamin ƙauyensu ya dasa masa, shi kuma ya riƙe shi gam: ruwa mai yawa mai gudu tsarkakakke ne, matuƙar ƙazanta ba ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba. Da wannan yake amsa wa kowa.

Lokacin da ya zo, majema ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A jiƙa fata, a sa ta cikin toka har gashi ya saki, a kankare a kan gungume, a tsoma cikin ruwan kashin tantabara ta yi laushi, sannan ta kwana cikin bagaruwa, a ɗauraye a kogi, a shafa mai, a rina da karan dafi. Ruwan da aka gama aiki da shi yana bin wata 'yar hanya ya faɗa kogi, sama kaɗan da dutsen Yakuba. Kogin yana haɗiye shi bai ma san an yi ba. Amma shekaru suka tura, majema ta cika, samari suka kawo karbir da wasu garin magunguna na buhu masu zubar da gashi cikin yini guda. Daga sama kuma aka janyo babban gwalalo, magudanar da ke kwaso ruwan dattin masana'antu, aka sako bakinsa a gefen nan. Ruwan bakin gaɓa ya zama wani abu dabam, Yakuba kuwa bai sauya wurin zama ba.

In an ce masa launi, sai ya ce kogin nan dama riga biyu gare shi, jan ruwa da damina, baƙin ruwa lokacin sanyi, ja kuwa ƙasa ce, ƙasa ba ta ɓata ruwa. Ɗanɗano ba a ma zancensa, don garin taba da kanwa ba su taɓa barin bakinsa ba. Saura wari. A nan gizo yake saƙa, domin Yakuba ba ya jin wari, ko na turare ko na mushe. Toka da zazzaɓin da ya yi a shekarunsa na farko a Yamai sun kashe masa hanci a hankali, shi kuwa ya ɗauka sabo ne irin na kowane majemi. Ni kaina ban san haka ba sai daga baya, don da hantsi nake zuwa in ɗauki fatuna in tafi.

Abokan aikinsa sun sani. Suna cika butocinsu a famfon ɗan masallacin da suka gina da langa-langa, in ya tambaye su sai su ce ya fi kusa. Shi kuma ya ce lalaci ne irin na yaran zamani. Babu wanda ya iya duban tsabar idon dattijon da ya koya wa rabinsu sana'a ya ce masa, Baba, ruwan alwalarka yana ɗoyi. Kunya ce, in ji su. Ni dai irin wannan kunyar ba ta burge ni.

Mutum ɗaya ne yake faɗa masa kullum, a gaban kowa, da babbar murya. Jibo ne, Bazabarme masunci daga Lamorde, can ƙetaren kogi. Gajere ne mai ƙaton ciki da malafa, kullum yana haurowa da jirginsa ya sayar da kifi, ya ɗaure jirgin kusa da dutsen. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa kowa ya sani, wasa ne na kaka da kakanni, a zagi juna a ci tuwo tare, ba fushi. Jibo bai taɓa kiran Yakuba da sunansa ba. Tun yana tsakiyar ruwa za ka ji shi.

"Bawana! Yau ma da miyar gwalalo za ka gaida Ubangiji?"

"Tahi can, Bazabarme," in ji Yakuba, yana wanke gwiwar hannu. "Kai da kihi ya ruɓar ma da hanci, mi kas sani ga tsarki?"

"Wallahi ruwan nan yana wari, bawana. Kifi ma ya yi ƙaura."

"Warin jikinka na kaka ji."

Sai majema ta kwashe da dariya, har da Jibo. Shi kansa ya daɗe da daina jefa taru a gefen nan, sai ya haura can sama da gari. Amma mutumin da ya ce maka uwarka kuturwa ce jiya, ya ce kakanka a kasuwa ya saye shi shekaranjiya, in yau ya ce ruwanka yana wari, a wane kwando za ka sa maganar? A kwandon wasa Yakuba ya sa ta, shekara da shekaru.

Bayan babbar ambaliyar nan da ta cinye unguwannin bakin kogi, masu tsara gari suka fara zuwa da igiyoyin awo da fenti. Za a gyara bakin ruwan gaba ɗaya. Tsofaffin masana'antun da suka mutu za a rushe su, a bar fili tsakanin ruwa da gine-gine wanda ba mai gini a ciki, a ɗaga ganuwar tare ambaliya, a dasa itatuwa, a daina sako ruwan datti kai tsaye. Majema kuwa za a mayar da ita bayan gari, inda aka haƙa rijiyar burtsatse da ramukan siminti masu tace ruwan jima. Sun zo da babban zane, gwanin kyau, har da hoton mutane suna yawo riƙe da hannun 'ya'yansu. Na duba zanen nan sama da ƙasa, ban ga majemi ko ɗaya a ciki ba.

Aka kira taro ƙarƙashin rumfar shanya fatu. Wadda ta yi bayani wata matashiya ce, Madam Ramlatu, injiniya mai sanyin murya. Ta gaida dattawa yadda ya kamata, ta ce ba korarsu aka zo yi ba, kogin ne ya gaji, kuma ruwan gefen nan ya gurɓace har ba ya kyautu a taɓa shi. Kalmar nan ta ƙarshe ce ta tayar da Yakuba. Ya sauka dutsensa, ya cika ƙoƙo, ya dawo yana tafe a hankali don kada ya zube.

"Ɗiyata, ke kic ce mun ɓata gulbi? Da ruwan ga nika alwala tun ba a haihe ki ba. Duba launi nai. Sunsuna ki ji."

Ya miƙa mata har kusa da fuska. Yarinyar ta yi ƙoƙari, na ga ta yi. Amma hanci ba ya jin lallashi. Ta kau da kai, gefen gyalenta ya tafi bakinta ba da shawararta ba.

Wurin ya kaure. Sani, shugaban samarin majema, ya hau kan gungume yana cewa an gani, ƙyamar majema ce kawai, ba zancen kogi ba. Duk sun san abin da ke cikin ƙoƙon nan, amma ya yi musu daɗi su sami dattijo mai gaskiya a gabansu. Taro ya watse ba a gama ba, aka ce a dawo mako mai zuwa da manya. Yakuba ya tsaya riƙe da ƙoƙonsa cikin ɓacin rai. Nan take ya ce a taro mai zuwa zai zo da Alƙur'ani, ya dafa a gaban kowa cewa ruwan nan mai tsarki ne, majema ba su ɓata shi ba. Samari suka yi kabbara.

Kashegari na zo ɗaukar fatu a kan babur, na tarar da shi zaune a dutsen, Jibo yana ɗaure jirgi. Ban ji kirarin da aka saba ba. Labarin rantsuwa ya riga ya ƙetare kogi. Jibo ya cire malafa, ya tsuguna a gabansa.

"Yakuba, kada ka rantse."

Yakuba ya ɗago kai. Ni ma na tsaya da igiya a hannu.

"Mi kac ce?"

"Na ce kada ka dafa Littafi. Ruwan nan yana wari. Ya daɗe yana wari."

"Wasanka na, Bazabarme. Yau ba ni da lokaci nai."

"Ka ji na ce maka bawana?"

Jibo ya juyo gare ni ya ce in ba shi tsumma, in buɗe tankin babur. Ya tsoma gefen tsumman cikin mai, ya ce wa Yakuba ya rufe ido don girman Allah. Ya rufe. Jibo ya kai tsumman dab da hancinsa, ni da nake nesa har idona ya yi yaji.

"Me kake ji?"

Yakuba ya ja numfashi, ya sake ja. "Ruwa na," in ji shi. "Ruwan gulbi."

"Buɗe ido."

Ya buɗe. Ya dubi tsumman, ya dubi bakin tankin a buɗe, ya karɓi tsumman da kansa ya manna a hanci. Ya daɗe a haka. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ya ajiye tsumman a hankali, ya dubi ruwan da ke lasar gindin dutsen, da kumfar nan mai ruwan toka da ke taruwa a gefe.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a aurar da 'yarka Balkissa," in ji Jibo. "Na faɗa maka. Kullum ina faɗa maka."

"Awo. Ka hwaɗi."

Bai yi aiki ba ranar. Ya koma gida Talladje, wurin Balkissa, 'yarsa ta fari da ke riƙe da shi tun rasuwar matarsa Mariyam. Ita ta ba ni labarin daga baya. Bai taɓa kiran sunanta ba, irin kunyar ɗan fari, ranar ma bai kira ba. Ya tsaya bakin madafa ya ce, "Ke, kin san ba ni jin wari?" Ta ce muciya ta faɗi daga hannunta. Ta sani, duk gidan sun sani. Tun ranar da tuwo ya ƙone ƙurmus yana zaune kusa da murhu bai motsa ba, Inna Mariyam ta gane, ta kuma hana kowa faɗa. Ita ke zaɓar masa turaren Juma'a, ita ke sake wanke rigar da ya yi sallah da ita a bakin kogi. Inna ta ce in ya sani zuciyarsa za ta karye, don dutsen nan shi ne garinsu da ya rage masa.

"Ku ka tausaya mini," in ji Yakuba, "kun bar ni ina zuwa gaban Ubangiji da ƙazanta ga huska."

Balkissa ta ce bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

Ya je wurin limamin unguwarsu. Liman ya ce masa Allah mai rahama ne, ya san abin da ke zuciyar bawansa, ya rama abin da zai iya, ya bar saura ga Mai shi. Yakuba ya yi godiya, amma bai sami sanyi ba. Daga ranar, bayan kowace sallah sai ya tashi ya ƙara wata, ramuwa. Gwiwoyinsa sun riga sun gaji, ga tsufa, kuma shi kansa ya san ko zai shekara ɗari ba zai cim ma abin da ya wuce ba. Abin da ya fi cin ransa, ya gaya mini, ba gwalalon masana'antu ba ne. 'Yar hanyar ruwan nan ce ta majema, wadda shi da hannunsa ya sha gyara mata baki da fartanya don ta fi gudu.

Ranar taro na biyu rumfa ta cika maƙil. Samari sun shimfiɗa masa buzu a gaba. Ya zo hannu wofi. Da aka ba shi magana ya miƙe, ya dubi Madam Ramlatu.

"Ɗiyata, ki gahwarce ni. Kin yi gaskiya. Gulbi ya ɓaci, kuma da hannunmu ciki."

Ya zauna. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta yi murnar nasara ba, wannan na shaide ta. Sani kuwa ya tashi ya ce an saye tsoho, wasu suka bi shi, har wani ya tofar da yawu kusa da buzun. Mutanen da suka yi shekaru suna jin kunyar gaya masa gaskiya, ranar ba su ji kunyar yi masa ƙarya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa musu abin da ba zan rubuta a nan ba.

Ba rantsuwarsa ce za ta hana tashin majema ba, ko ya yi ko bai yi ba, kowa ya san haka. Lokacin sanyi ya shigo, baƙin ruwa ya iso, aka sa ranar ƙaura. Yakuba ya ce shi ba za shi sabon wuri ba, nisa ya yi masa yawa, ya ba wani almajirinsa na sana'a wuƙar mahaifinsa. Amma ranar ƙarshe ya zo. Kamyo, babbar motar kaya, yana ta kwasar gungumai da turame da tukwanen jima. An riga an cire langa-langar masallaci, an yanke famfon tun jiya. Can gefe motocin aikin ganuwa sun juye tulin sabon rairayi. Ni na zo ne in taya Balkissa kwashe 'yan kayansa, muka yi ta ɗaure-ɗaure har rana ta yi sanyi.

Sai ya duba sama ya ce la'asar za ta kuɓuce. Ya ɗauki buta, ya girgiza, babu ko ɗigo. Ƙafarsa ta kai shi dutsen da kanta. Ya tsaya a kai. Kogi ya cika har baki, faɗinsa ya kai inda ido ke gajiya, ruwan da ya sa shi kuka yana saurayi. Jibo na zaune cikin jirginsa.

"Ba ni butar," in ji Jibo. "In shiga can tsakiya, in haura sama kaɗan, ruwan can mai kyau ne."

"Da wane hanci zan gane?"

"Da nawa."

Yakuba ya yi ɗan murmushi, ya dubi rana da ta fara ja. "Kahin ka komo lokaci ya hita."

"Kala suuru," in ji Jibo a hankali, wato sai haƙuri.

Yakuba ya sunkuya kamar zai dafa dutsen ya yi taimama, sai ya fasa. "Wanga ma ya sha ƙazanta," ya ce. Ya ajiye butar a kai, ya hau tudu yana dafa gwiwa, har wurin tulin rairayin masu ganuwa. Ya tsuguna. Ya yi bisimilla, ya buga tafukansa biyu a kan rairayin, ya shafi fuska, ya sake bugawa, ya shafi hannuwan nan da bagaruwa ta rine har gwiwa.

Balkissa ta juya baya tana kuka. Na dubi Jibo, don a duk zaman da na yi da su ban taɓa ganin Bagobirin nan ya yi abu Bazabarmen ya ƙyale shi ba, ga kuma abin tsokana har abin tsokana, mutum yana taimama ruwa na lasar gaɓa a bayansa. Jibo ya buɗe baki, ya rufe. Ya jawo malafarsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa.

Yakuba ya miƙe, ya ba kogi baya, ya ta da kabbara.